Hular Eusebio

Ranar Talata Nieves ta kawo ta,
cikin bargo mai warin magani.
Ta ce, "Karyar farauta ce, mai ita ya gama da ita.
A gindin zaitun aka tsince ta,
igiya ta ci wuya har ta bar zobe.
Kada ka yi mata gaggawa, Eusebio."

Ni da gaggawa? Shekara arba'in da ɗaya
ina jiran ƙullu ya tashi a garin Plasencia.

Na sa mata suna Miga,
ɓarɓashin burodi ke nan a bakinmu,
don abin da ya saura nata bai fi haka ba:
haƙarƙari a ƙirge, dogayen ƙafafu, ido biyu.

Ta shige bayan injin wanki.
Kwana uku ban ga komai ba sai kan hanci.
Na sayo katifa, ta ƙi.
Na dafa kaza da shinkafa, ta ƙi,
sai na kashe fitila na haye sama
nake jin kwano na tafiya a kan siminti
kamar ɓarawo ke tura shi.

In tsintsiya ta faɗi, sai fitsari.
In ƙararrawar coci ta buga, sai ɓari.
Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura,
ni kuwa ban san kamannin macijinta ba.

Ƙarfe huɗu na asuba idona ke buɗewa,
tsohon sabo, ko da tanda ta daɗe da mutuwa.
Sai in sauko in zauna a ƙasa, in ba ta baya,
in karanta mata takardar kuɗin wuta,
murya ƙasa-ƙasa, lamba bayan lamba, har da haraji.
Gwiwata na ƙara. Ita ko motsi.

Ran kwana tara na gane.
Na dawo kasuwa ruwa ya ba ni kashi,
na cire hula na rataya a ƙusa,
sai ga kai ya leƙo.
Na mayar da hula, kai ya koma.
Na cire. Ya leƙo.
Ashe ba ni take tsoro ba.
Wani mai hula ne a wani daji,
ban taɓa ganinsa ba, ita kullum tana ganinsa.

Tun ina saurayi ba na rabo da hula.
Ko ranar aurena sai da fada ya harare ni na cire.
Haka na fita, sanƙo na ƙyalli.
Casilda mai jarida ta yi dariya har da riƙe ciki:
"Wata ne ya sauko unguwarmu da tsakar rana?"
Na yi mura. Ta wuce.

Sati na uku ta yarda da igiya,
muka kai ƙarshen layi muka juyo.
Sati na biyar muka kai gadar Jerte,
ta tsaya kallon agwagi,
kunne ɗaya a miƙe, ɗayan ya manta.
Har yau in babur ya wuce sai ta manne da bango.
Ƙwallo kuwa ba ta san aikinta ba:
na jefa, ta dube ni, ni na je na ɗauko.

Jiya da asuba na sauko,
bayan injin wanki ba kowa.
Gabana ya faɗi. Ƙofa dai a kulle.
Sai na ga ƙusa ba hula.

Tana kan katifar da ta ƙi,
a dunƙule kamar ƙullun da aka bari ya kwana,
hular na ƙarƙashin haɓarta,
gefenta a tattaune, sharkaf da yawu.
Ta buɗe ido ɗaya. Wutsiya ta bugi ƙasa
sau biyu. Na ƙirga.

Ban ce komai ba. Na ɗora ruwan kofi,
na zauna a ƙasa, wannan karon muna fuskantar juna,
na warware takardar kuɗin ruwa.